“Wane Ne Sarkin Katsina?”: Matsalar Amsa Daidai a Gasar Kacici-kacicin Zamani Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Tsakure

Gasar kacici-kacici ta zamani, wadda ake jefa tambayoyin ilmin yau da kullum a cikinta ana ba da maki, ta daɗe da samun gindin zama a makarantu da gidajen rediyo, yanzu kuma ta shiga wayoyin hannu, inda masu sha'awarta ke haɗuwa a zaurukan WhatsApp da Facebook. Wannan maƙala ta ɗauki yankin da ya tashi daga Jibiya zuwa Maraɗi a matsayin farfajiyarta, ta auna wasu tambayoyi da ake ɗauka masu sauƙi ne, ta nuna cewa kowace daga cikinsu tana da amsa fiye da ɗaya idan masu fafatawa sun fito daga ɓangarori biyu na iyaka. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a irin wannan gasa sau da yawa ana kayar da mutum saboda garin da ya fito, alhali ana zaton rashin sani ne ya kayar da shi.

Fitilun Kalmomi: kacici-kacici, gasa, iyaka, Jibiya, Maraɗi, daidaitacciyar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan mai gabatar da gasa ya ce, “Wane ne Sarkin Katsina?” ɗalibin sakandare a Jibiya zai amsa ba tare da jinkiri ba: Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, wanda ya hau gadon sarauta a 2008. Amsarsa daidai ce. Amma da za a bi hanya a wuce Magamar Jibiya, a tsallaka shingen kwastan, a ratsa Ɗan Isa a shiga Maraɗi, za a tarar da wata fada wadda mai ita ma Sarkin Katsina ake ce masa. Tsakanin fadojin biyu bai kai tafiyar kilomita 100 ba. Yaron da ya tashi a Maraɗi ya ambaci nasa sarkin, shi ma bai yi kuskure ba.

Muddin gasar tana gudana a cikin aji ɗaya ko a gari ɗaya, wannan matsala ba ta fitowa fili. Wayar hannu ce ta tono ta, domin ita ba ta tsayawa a shingen kwastan. Mutanen Jibiya da Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi dangin juna ne, suna aure tsakaninsu, suna cin kasuwa ɗaya, ko agogonsu bai bambanta ba. Ba abin mamaki ba ne a same su a zaure ɗaya na waya suna amsa tambaya ɗaya. Iyakar da ta raba su kuwa ba ta daɗe ba idan aka auna ta da tarihin ƙasar Katsina: yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta, sannan kwamitin Tilho da O'Shee ya bi ya kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. William Miles, a littafinsa Hausaland Divided (1994), ya nuna yadda wannan layi ya raba rayuwar ƙauyukan Yardaje da Yekuwa a yankin Daura. Abin da za a duba a nan ƙaramin reshe ne na wannan batu, wato yadda layin ya raba abin da kowane ɓangare ke ɗauka “kowa ya sani”.

Tambayoyin da aka yi amfani da su a maƙalar misalai ne na gwaji, irin waɗanda duk mai sauraron gasa ya saba ji, kuma an auna su ne da tarihi da harshe.

2.0 Daga Dandali Zuwa Allon Waya

Sunan da Hausawa suka ba gasar zamani aro ne daga adabin baka. Kacici-kacici, ko ka-cinci-ka-cinci, tsohon wasan ƙwaƙwalwa ne na yara da mata a lokacin hira, kuma masana irin su Ibrahim Yaro Yahaya da Abdulƙadir Ɗangambo sun ba shi gurbinsa a cikin adabin bakan Hausa. Mai tambaya ya ce, “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya,” a ce masa tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya ce, “Na ba ka gari.” Ya ambaci Kano ko Katsina ko Zariya; idan garin ya yi wa mai tambaya, ya karɓa ya faɗi amsa, idan bai yi masa ba ya ce a sake.

Akwai sharaɗin da wannan wasa ya dogara a kansa wanda ba a cika ambata ba saboda bayyanarsa: mai tambaya da mai amsa duniyarsu ɗaya. Tsintsiyar da ake nufi tana jingine a bayan ɗaki, kowa ya share tsakar gida da ita. Ba a buƙatar alƙali, domin da zarar an faɗi amsa kowa zai ga dacewarta da kansa.

Gasar zamani ta gaji sunan amma ba ta gaji sharaɗin ba. Amsarta tana rubuce a takardar da ke hannun alƙali, shi kuma ya samo ta daga littafin makaranta ko jarida ko intanet. Ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar makarantun boko, rediyo da talabijin suka yaɗa ta. Rediyo ya kuma yi wani aiki na daban, ya koya wa Bahaushe ɗabi'ar tara sani don sanin kansa. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya shahara da shirin Amsoshin Takardunku, inda masu sauraro ke aiko tambayoyi kan tarihin ƙasashe da shugabanni da abubuwan al'ajabi, sauran tashoshin ƙetare ma kowace da irin nata. Shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda ya fara a Ingila a 1998 ya iso Nijeriya a 2004, ya ƙara wa abin kwarjini da kuɗi. A zauren waya kuwa tsarin ya sauƙaƙa ƙwarai: mutum ɗaya ya rubuta tambaya, wanda ya riga kowa turo amsa ya ci, kyauta kuma yawanci katin waya ne. Ko wannan kyautar tana da iyaka, tunda katin layin Nijeriya ba ya shiga layin Nijar.

3.0 Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu

3.1 Sarauta

Bari a koma ga tambayar da aka buɗe da ita, domin ita ce mafi nauyi. Wajajen 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarkin Katsina na lokacin, Magajin Haladu, ya fice ya rasu a Ɗankama. Ragowar gidan sarautar ba su watse ba. Sun yi arewa, daga bisani suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, suka riƙe sunan sarautarsu da muƙaman fadarsu. Ba su taɓa ɗaukar kansu baƙi da suka bar gida ba. A wurinsu Katsina ce ta ƙaura. Hare-haren da Ɗanbaskore ya riƙa kai wa ƙasar Katsina a ƙarni na 19 yunƙuri ne na komawa gida. A birnin Katsina kuma sarauta ta sake sauya hannu a 1906, lokacin da Turawan Ingila suka naɗa Muhammadu Dikko, daga gidan Sulluɓawa. Daga shi sai Usman Nagogo a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai sarki na yanzu.

Ke nan tambayar “Wane ne Sarkin Katsina?” tana ɗauke da tarihin shekaru fiye da 200 a cikinta. Alƙalin da ya ce wa Bamaraɗe “ka faɗi” ya yanke hukunci a kan wata tsohuwar shari'a ba tare da ya san an shigar da ƙara ba. Haka abin yake idan aka juya, a ce alƙalin mutumin Maraɗi ne ya kayar da ɗan Jibiya.

Katsina ba ita kaɗai ba ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri dab da Maraɗi, kuma har yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai Sarkin Gobir a Sabon Birni ta Jihar Sakkwato. Tambayar da ake yi wa ɗalibai kullum, “Lissafa Hausa Bakwai,” ba ta da gardama. Da zarar an ƙara da “A ina fadar kowace take a yau?” sai magana ta tashi. Daura ce ta bambanta, domin Turawa sun maido da tsohon gidan sarautarta a 1906, sai tsohuwar sarauta da tsohon birni suka sake haɗuwa a wuri ɗaya.

3.2 Jaka da dala

“Jaka ɗaya nawa ce?” Dattijo ko ɗan kasuwa a Katsina zai ce naira 200. Dalili kuwa, a zamanin fam da sule jaka fam 100 ce, da aka sauya kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta koma naira 200. A Maraɗi jika ɗaya sefa 1,000 ce. Can ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, saboda haka dala 20 sefa 100 ce, jika kuma dala 200. Abin sha'awa, kowane ɓangare ya tsaya a kan 200, sai dai abin da ake ƙirgawa ne ya bambanta. Ita kanta kalmar dala, matashin Nijeriya a yau ba abin da zai kawo a ransa sai kuɗin Amurka.

A nan ɗan Jibiya ya fi kowa sa'a. Wanda ya girma yana jin 'yan canji a Magama suna juya naira da sefa ya san amsoshin biyu, kuma kafin ya amsa zai tambaya, “Jakar ina?” Wannan tambaya tasa ta fi amsar da ke takardar alƙali nuna sani, amma tsarin wanda-ya-riga-ya-ci ba ya ba da maki a kanta. Kafin ya gama neman bayani wani daga Kano ya turo “200” ya ɗauke kati.

3.3 Kalma da harafi

Wannan fanni an fi saninsa, ba sai an daɗe a kansa ba. Hausar Nijeriya ta yi aro daga Ingilishi, ta Nijar daga Faransanci. Wanda ake kira kwastan a Magama shi ne duwan a Ɗan Isa. Ana cewa lakwal a inda wasu ke cewa makarantar boko, mushe a maimakon malamin makaranta, likita a wurin da mutumin Katsina zai ce asibiti, sida a maimakon ƙanjamau. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ECOWAS ce a nan, CEDEAO ce a can. Ma'aikatan sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ake jin su suna haɗa sunayen biyu a jumla ɗaya. Masu shirya gasa ba su koyi wannan ladabi ba tukuna.

Gasar baka tana yafe abin da gasar rubutu ba ta yafewa. A rediyo, idan mutum ya ce Tasawa ko Tawa, an ji an gane. A allon waya wanda ya yi lakwal zai rubuta Tessaoua da Tahoua, ya sa “ou” a gurbin “u”, “tch” a gurbin “c”, domin da wannan ƙa'ida ya koyi riƙe alƙalami. Ko a daidaitaccen rubutun ƙasashen biyu akwai saɓani sananne: Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, duk da tarurrukan daidaita ƙa'idojin rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Alƙalin da ke duba amsa harafi da harafi zai iya soke amsar da ta dace saboda kawai ba ta zo da rigar da ya sani ba.

Ko kogin da ke gefen garin bai tsira ba. Ruwan da aka tare da madatsar Jibiya ana kiransa Gada a Nijeriya. Da ya tsallaka sai ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi kwana ya sake shigowa Nijeriya ya faɗa Rima.

4.0 “Mu” Su Wane Ne, “Yanzu” Yaushe Ne?

Akwai tambayoyin da matsalarsu ba ta cikin amsa, tana cikin wakilin suna. “A wace shekara muka samu 'yancin kai?” Wannan ta tsira da kyar, tunda ƙasashen biyu duk a 1960 ne. Idan aka ce “a wace rana”, sai ta rabu: 3 ga Agusta a Nijar, 1 ga Oktoba a Nijeriya. “Jihohi nawa gare mu?” 36 ko 8, domin Hausar Nijar ma jiha take kiran Maraɗi da Damagaram. “Yaushe aka yi Sallah?” An sha samun shekarun da aka sauke azumi a Ɗan Isa alhali ana riƙe da baki a Jibiya, saboda kowace ƙasa da hukumar da ke sanar da ganin wata. Mai rubuta tambaya yakan sa “mu” ba tare da tunani ba, yana zaton duk wanda ke jin Hausa ɗan ƙasarsu ne. A ganina wannan kuskure ya fi yawa daga ɓangaren Nijeriya, kuma dalilin a fili yake: yawan jama'a, da littattafai, da jaridu, da fina-finan Kano duk sun sa Bahaushen Nijeriya ya saba da jin muryarsa ita ce ta kowa.

Sai kuma amsoshin da ke tsufa. Shekarun nan sun yi wa takardun alƙalai ɓarna mai yawa. Nijar ta sauya taken ƙasa a 2023, Nijeriya ta koma wa tsohon nata a watan Mayun 2024. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, mambobi suka ragu daga 15 zuwa 12. Tambayar “Iyakar Jibiya a buɗe take?” ta sauya amsa sau huɗu cikin shekara biyar: an rufe a Agustan 2019, an buɗe a Afrilun 2022, an sake rufewa a Agustan 2023, an buɗe a Maris na 2024. Wanda ya kwafo tambayoyi daga tsohon littafi ko tsohon shafin intanet zai kayar da wanda ya saurari labaran safe.

Har ila yau, abin da ake kira ilmin yau da kullum shi kansa yana da ƙasa. Duk yaron Maraɗi ya san gasar kokowa ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya san Kantu wanda filin kokowar garinsu ke ɗauke da sunansa, ya san Isaka Isaka na Doso. Ɗalibin jami'a a Zariya zai iya kammala digiri a fannin al'adun Hausa bai taɓa jin waɗannan sunaye ba, alhali ya haddace tarihin Shago da Ɗandunawa. Fagagen da ɓangarorin biyu ke haɗuwa ba tare da tangarɗa ba kaɗan ne: tarihin Annabawa da Sahabbai, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo, 'yan wasan Kannywood, sai ƙwallon ƙafar Turai. Abin dubawa ne cewa matasa biyu da tafiyar awa ɗaya ta raba za su fi saurin yarda da juna a kan wanda ya ci kofin Ingila fiye da wanda ke sarautar Katsina.

Gudun yatsa ma ba daidai aka raba shi ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya na ciki, aka yi watanni a haka. Gasar da ke auna wanda ya riga turowa tana auna ƙarfin layi tare da ƙarfin ƙwaƙwalwa, ba ta kuma bambance su.

5.0 Abin Koyi Daga Musabaƙa

Wani zai ce wasa ne, katin naira 500 bai kai a rubuta maƙala a kansa ba. Da abin ya tsaya a zauren waya da an yarda. Amma masu rubuta tambayoyin gasar makarantu da na rediyo da na ranakun bikin Hausa, galibinsu ɗalibanmu ne ko mu kanmu, kuma abin da gasa ta kira “daidai” shi yaro ke ɗauka daidai har girmansa. Lamarin ya ƙara nauyi tun daga Maris na 2025, lokacin da sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Za a ƙara rubuta Hausa a Nijar, da kalmominta da ƙa'idarta da tarihinta. Lokacin da za a riƙa ɗaukar Hausar can a matsayin kari kawai, ta nan kuma ma'auni, yana ƙarewa.

Ƙasar Hausa tana da wata gasa da ta riga ta warware irin wannan matsala. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ta samu al'umma mai karatu da ruwaya biyu: Warshu, wadda aka gada a tsangayu, da Hafsu, wadda ta yaɗu ta hanyar Islamiyyu da bugaggun Alƙur'anai. Ba a ce ɗaya kuskure ce ba. Ana sanin ruwayar da mai karatu zai yi da ita kafin ya buɗe baki, a kuma auna shi da ita. Wanda ya cakuɗa su ne ake ragewa maki. Tsananin alƙalanci bai ragu ba ko kaɗan, an dai san da wane ma'auni ake aunawa.

Idan aka ɗauko wannan, tambayoyin da aka bi a sama duk suna gyaruwa da kalma biyu ko uku. “Wane ne Sarkin Katsina mai zaune a Gidan Korau?” amsarta ɗaya. “Jika nawa ce a kasuwar Maraɗi?” amsarta ɗaya. “Mambobin ECOWAS ko CEDEAO nawa ne a ƙarshen 2024?” amsarta ɗaya. A rubuta sunan ƙasa a gurbin “mu”, a rubuta shekara a gurbin “yanzu”, a kuma karɓi Tahoua kamar yadda ake karɓar Tawa matuƙar ba ƙa'idar rubutu ake gwadawa ba. Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan duka daraja, wadda ban ga dalilin da zai hana a ba ta maki biyu ba: “Faɗi garuruwa biyu da ake samun Sarkin Katsina, ka kuma faɗi abin da ya sa.” Ɗan Kano zai yi jim, ɗan Yamai ma haka. Mai tura kurar kaya tsakanin Magama da Ɗan Isa, ko bai taɓa shiga aji ba, zai iya cin rabin makin nan take, sauran rabin kuma yana iya tuno shi daga bakin kakarsa.